Ina sayar da shadda da atamfa a Jos, in shiga fim da taimakon jama'a ko in dakata?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a nan Jos, ina sayar da shadda da atamfa da leshi shekara tara kenan, kuma Alhamdulillah yanzu shago biyu gare ni. Tun ina yaro nake son harkar fim, kuma ina ganin manyan alhazan da suka tara kuɗi a harkar tufafi sun koma suna shirya fim, suna taimakon marayu da marasa lafiya, ana ta yi musu addu'a. Dan Allah yaya suke haɗa abu ukun nan ba su karye ba? Ni ma in shiga ko in dakata?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ƙara buɗi ya tsare dukiya. Tambayar nan taka ta taɓa ni sosai, domin rayuwar da kake hange daga nesa ni a cikinta na yi shekaru, ba ni ne mai kuɗin ba, ni ne mai riƙe littafi. Da yaron shago na fara a wajen wani maigidana mai sayar da yadi, da ya ga ina da ɗan boko ya damƙa min lissafin shagunansa, da ya shiga fim kuma ni nake bin 'yan lokeshan da jakar kuɗi ina biyan mai abinci da mai mota da mai janareta, in azumi ya zo ni ne dai nake rubuta sunayen waɗanda za a ba shinkafa da turamen atamfa. Toh kaga duk ƙofofi ukun da kuɗin suke fita ta gabana suke wucewa.

In na fahimce ka daidai, abin da kake son sani shi ne ko abubuwan nan uku ciyar da juna suke ko cin juna suke. Abin da na gani da idona shi ne, a cikinsu shago ne kaɗai yake haihuwa kullum. Fim wata rana ya dawo maka da kuɗinka har da riba, wata rana ya tafi da su ko sallama babu. Taimako kuwa ba don ya dawo ake yinsa ba. Duk alhajin da ka ga ya daɗe yana abu ukun nan yana tsaye da ƙafarsa, ka bincika za ka tarar bai taɓa barin fim ko kyauta su taɓa uwar kuɗin shago ba. Waɗanda suka bari suka taɓa ba ka ganinsu ne kawai, domin wanda ya karye ba a hira da shi, mawaƙa ma ba sa ambatarsa.

Abin da ya haɗa mai yadi da fim tun farko

Ba sabon abu ba ne. Fim ɗin Hausa na bidiyo da aka fara a Kano a 1990 ba banki ne ya raine shi ba, ba gwamnati ba, kuɗin 'yan kasuwa ne da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, kuma a kasuwa ya girma, a Ƙofar Wambai da Bata inda ake sarin kaset kamar yadda ake sarin kowane kaya. Ɗan kasuwar yadi ya riga ya saba da sari da bashi da jiran kasuwa, shi ya sa yake ganin ai fim ma kaya ne. Ga kuma wata alaƙa da ku masu shago kun fi kowa saninta, jaruma ta ɗaura wata atamfa a fim, sati ba ya zagayowa mata sun fara zuwa da hoto a waya suna cewa irin wannan nake so, jarumi ya sa wata shadda da wani ɗinki, samari sun dami tela kafin salla. Fim talla ne ga mai tufafi ko ya sani ko bai sani ba.

Mu kuma a Jos muna da wata dama da ba kowane gari ke da ita ba. Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979 a nan hedikwatarta take, ga Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa tun 1995, ga kwalejin talabijin ta NTA, ma'ana masu kyamara da masu sauti da masu tace hoto da suka yi karatun abin suna nan birjik, ba sai ka ɗauko daga Legas ba. Ga duwatsun Shere, ga gidajen Rayfield, ga lungunan Gangare da Unguwar Rogo in labarin talaka kake so. Lokacin da aka dakatar da ɗaukar fim a Kano a 2007 nan da Kaduna 'yan fim da yawa suka kwararo, kuma a daidai wannan zamanin ne maigidana ya afka harkar, saboda kullum suna zuwa shago sayen yadi ana hira har aka saba.

Kuɗin shago ba duka ne naka ba

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin a nan ne mutane suke ruɗar kansu. Mai shago biyu cike da kaya yana shiga da safe ya kalli kanta ya ji shi attajiri ne, alhali in aka zauna da biro, wani kason na dilan da ya ba shi bashi ne a Kantin Kwari, wani kason yayinsa ya wuce sai an karyar zai fita, wani kason kuma yana hannun hajiyoyi da masu haɗa lefe da suka ɗiba za su biya ƙarshen wata. Abin da ya rage bayan wannan shi ne naka, kuma ko a cikinsa akwai wanda dole ya koma sari.

Sannan ka tuna kayan da kake sayarwa kusan duk daga waje suke. Shaddar Getzner daga Austiriya take, atamfar Holan ta Vlisco daga can Holan ɗin, mafi yawan masu sauƙin kuɗin kuma daga Chana, wasu ta Dubai suke biyowa. Masaƙun Kaduna da a da suke cika mana shaguna sun durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Saboda haka ko ba ka taɓa riƙe dala da hannunka ba, kai ɗan canji ne a fakaice. Ka ga abin da ya faru bayan an saki naira a Yunin 2023, dalar da gwamnati take bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mutum ya sayar da turmi ya ga ya ci riba a takarda, ya koma Kwari ya tarar kuɗin turmi goman da ya sayar ba za su sayo masa goma ba. Wanda ya ɗauki waccan riba ta takarda ya kai lokeshan ko ya raba a unguwa, wallahi uwar kuɗinsa ya ci bai sani ba.

Ga kuma abin da ba a fata. Duk ɗan Jos da ya kai shekarunmu ya san daren da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, mutane sun kwana da dukiya sun tashi ba su da ko allura, ga bom ɗin da ya tashi a wajen a Mayun 2014, ga lokutan rikici da dokar hana fita da ake rufe shago kwana da kwanaki haya tana tafiya. 'Yan kasuwarmu kaɗan ne suke da inshora. Don haka kafin a yi maganar fim, dole akwai wani ajiyayyen abu da ba ya cikin shagon, fili ne ko gida ko kuɗi a wani asusu daban, wanda in Allah ya kawo jarrabawa za a tashi da shi.

Bari in ba ka labarin kuskuren da muka yi, da ni a ciki domin ni nake fitar da kuɗin. Fim ɗinmu na biyu an ce kwana goma za a yi ana ɗauka, aka shiga ana saura wata biyu azumi. Ruwa ya hana aiki kwana biyu, wani daga cikin manyan 'yan wasan ya tafi wani aikin ya bar mu muna ciyar da mutum sama da talatin a masauki, kuɗin da aka ware ya ƙare aiki bai kai rabi ba. Maigida ya ce a ɗebo daga na sarin salla a ƙarasa, in fim ya fita a mayar. Na ɗebo. Aka sake ɗebowa. Da lokacin sari ya yi muka je Kano da abin da bai kai rabin na kowace shekara ba, sabbin zane masu tafiya duk maƙwabtanmu suka kwashe, kwastomomin da suka shekara suna zuwa wajenmu suka leƙo suka ga tsohon kaya suka wuce gaba. Fim ɗin bai fita ba sai bayan babbar salla, kuɗinsa kuma suka riƙa shigowa kaɗan-kaɗan a hannun masu sari, wasu har yau ba su shigo ba. Ka san ɗan yadi da kaka yake rayuwa, azumi da ƙaramar salla, babbar salla, mu nan Jos ga Kirsimeti, sai lokutan biki da anko. In kaka ɗaya ta kuɓuce maka ba riba kaɗai ka rasa ba, ƙafar mutane ce ta sauya hanya, kuma sai da muka yi wajen shekara biyu kafin wasu su dawo.

Yadda kuɗin fim yake tafiya yanzu

Zamanin kaset da faifai ya wuce, masu satar fasaha da masu tura fim a waya sun gama da shi. Yau hanyoyin da furodusa yake sa ran kuɗi su ne YouTube, da sayar wa gidan talabijin irin Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da haska fim a sinima, da tallan kamfanoni a cikin shirin. Mafi yawan masu shigowa YouTube suke nufa da shiri mai dogon zango, toh ka san ƙa'idarsa tun yanzu. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, in ta fara kuma kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan ne naka, ba sa turowa sai ya kai dala 100. Kuma kallon da aka yi a Najeriya ko Nijar bai kai darajar wanda aka yi daga Saudiyya ko Ingila ko Amurka ba, shi ya sa za ka ga fim mutane da yawa sun kalla amma mai shi yana kuka. Shiri mai dogon zango kuma kamar ciyar da gida ne, in ka saba wa mutane da kowane sati ka tsallake sati biyu sun koma wani.

Kashe kuɗin kuwa gaba ɗaya yake zuwa tun kafin ka ga ko sisi, marubuci, darakta, 'yan wasa, hayar kyamara da fitilu, mai sauti, masauki, abinci sau uku, man janareta, mota, sai tacewa da kiɗa da rubutun fassara a ƙasan hoto in kana son 'yan kudu su kalla. Sai kuma hukuma, akwai ta tace fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1993, in kuma kana son kasuwar Kano akwai tasu ta jiha tun 2001 da dokokinta. Kada ka raina wannan, fim ɗin da aka hana fita daidai yake da bandir ɗin da ruwa ya jiƙa.

Abu biyu nake roƙonka da su in har ka shiga. Na farko komai a rubuce, da shaidu. Mu 'yan kasuwa mun saba da amana ta baki, a kira ka daga Kwari a loda maka kayan miliyoyi ba takarda, toh fim ba haka yake ba domin kayan ba a ganinsa, ana iya kwafe shi cikin minti biyar. A rubuta nawa kowa zai karɓa, kwana nawa zai yi, wa ya mallaki labarin, wa ya mallaki waƙar. Na biyu, tashar YouTube ɗin da imel ɗinka da lambar wayarka da asusunka za a buɗe ta, ko da ba ka iya sarrafa ta ba. Na san wani bawan Allah da ya zuba kuɗi shekara guda, yaron da ya buɗe masa tashar suka saɓa, yaro ya tafi da tasha da mabiyanta, ba abin da ya iya yi domin ko a gaban alƙali sunan yaron ne a jiki.

Akwai kuma maganar mutunci, wadda ta fi ta kuɗi nauyi a wajena. Kai matan aure ne suke shigowa shagonka, iyaye ne suke turo 'ya'yansu haɗa lefe, da yardar mazajensu da ta unguwa kake cin abinci. Duk abin da ya fito a fim ɗinka da sunanka za a kira shi, ba da na darakta ba. Ka karanta labarin da kanka tun daga farko har ƙarshe, ka san irin rawar da za a yi da irin shigar da za a yi. Kuma ka tambayi zuciyarka tsakani da Allah, fim ɗin kake so ko a gan ka tare da 'yan fim kake so. Na biyun ya fi cin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma ba ya ƙarewa.

Taimako, da abin da yake gabansa

Wannan ba sai ka jira ka zama babban alhaji ba, amma akwai tsari. Zakka ce farko, kuma ita ba kyauta ba ce, haƙƙin mutane ne a cikin dukiyarka. Ɗan kasuwa irinka mai juya kaya kullum, malamanmu na Malikiyya suna cewa ya sa wata guda a shekara, ya ƙiyasta kayan shagonsa da farashin ranar, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake binsa, in ya kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na zinari, ya fitar da ɗaya cikin arba'in, a ba rukunin mutane takwas ɗin da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Ni akanta ne ba malami ba, don haka ranar da za ka yi lissafin ka zauna da malaminka da littafin shago a buɗe. Na sha ganin mai rabon buhuna a gaban jama'a da azumi amma bai taɓa ƙirga shagonsa ya fitar da zakka yadda take ba, abin yana ba ni tsoro ƙwarai.

Bayan zakka sai sadaka, ita ma ka yanke mata kaso daga ribar da ka tabbatar, ka sa a asusunta daban. Dalili shi ne ranar da sunanka ya fita, musamman in fim ya ƙara fito da kai, ƙofar gidanka ba za ta sake zama shiru da asuba ba. Mai takardar asibiti, mai kuɗin makaranta, mai haihuwa, mai mutuwa, da maroƙa da 'yan a-ci-da-baki, kuma mafi yawansu da gaske suna cikin buƙata. In ba ka da iyaka, kunya ce za ta riƙa sa hannunka cikin aljihun shago. In kana da asusu kuwa, ranar da ya ƙare za ka iya kallon mutum ka ce masa na wannan watan ya ƙare, ka dawo, ba ka yi ƙarya ba. Na mara lafiya mu kan tura yaro ya je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko asibitin da yake kwance ya biya a can ya kawo rasit, na makaranta ma haka, ya fi kai wa ga wanda aka nufa.

Batun ɗaukar hoton wanda aka ba, ni ba na so, kuma na faɗa wa maigidana a lokacin. Alƙur'ani ya ce in an bayyana sadaka da kyau, in an ɓoye aka ba matalauta ya fi alheri, ya kuma hana ɓata ta da gori da cutarwa. Mai kyamara a gida jarrabawarsa a nan ta fi ta kowa, domin abu ne mai sauƙi a ce yara ku ɗauko mana. Ka tuna marainiyar da aka nuna tana karɓar turmi gobe za ta girma, hoton yana nan a intanet. In don a zaburar da wasu ne a nuna buhunan, a bar fuskokin. Kuma nan Jos ne, kwastomominka Musulmi da Kirista ne, mai gadinka da telanka da maƙwabcinka ma haka, sadakarka ta ganin dama ta ratsa har can, garin nan yana buƙatar hakan.

Cikin duk abin da maigidana ya bayar, wanda na ga ya tsaya har yau ba shinkafa ba ce. Yaran shagon da ya sallama da jari ne, da zawarawan da ya saya wa keken ɗinki yana kuma tura musu kwastoma daga shago. Wasu daga cikin yaran yanzu su ma suna da yara. In abin ya girma kana son ya wuce rayuwarka, akwai wakafi, ka tsayar da shago ko gida guda hayarsa ta riƙa tafiya ga marayu, in kuma gidauniya za ka kafa ka yi mata rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da amintattu da asusunta, kada ta zama aljihunka na biyu.

Toh in shiga ko in dakata

Ban ga littafinka ba, don haka hukuncin yana hannunka, amma ga ma'aunin da zan ba ƙanena. In dilolinka suna binka bashin da ya wuce na sari guda, dakata. In ba za ka iya barin shagunan nan biyu sati biyu ka dawo lissafi ya fita daidai ba, dakata, domin lokeshan cinye mutum yake dare da rana. In kuɗin da za ka sa ɓatansu zai hana ka zuwa sari ko ya hana ka barci, dakata. In duk ka tsallake waɗannan, toh kada ka fara da naka fim ɗin, ka fara da abin da ka fi 'yan fim sani. Ka samu shiri mai tsabta da ake kallo, ka ɗauki nauyin suturar 'yan wasa a sa sunan shagonka da lambarka, ka riƙa zuwa lokeshan kana zaune kana kallon inda kuɗi suke zurarewa, kana gane wane darakta ne yake cika alkawari, wane ne yake ƙara kwana. In ya yi kyau ka ga ƙafa ta ƙaru a shago, in bai yi ba 'yan yadudduka ka rasa. Bayan haka ka yi haɗin gwiwa da wani a ƙaramin aiki, rabi da rabi, a rubuce.

Ranar da za ka yi naka kuwa ka duba kalanda biyu, ta kasuwa da ta sama. Kada ɗauka ta faɗo cikin wata biyun da suke gaban azumi ko gaban Kirsimeti, lokacin shago yake buƙatar kuɗinka da idonka. Kada kuma ka sa ta a Yuli da Agusta, ruwan Jos ba ya jin roƙo, kana biyan masauki mutane suna zaune suna kallon taga. Bayan salla da sati biyu, an ƙirga shago, an biya diloli, an ware na sari da na zakka, abin da ya saura a hannunka a ranar shi za ka kai wa darakta ka ce masa ga iyakar abin da ke akwai, a rubuta labarin da zai shiga cikinsa.